Yarinyar Ɗakin Inna

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya jarrabe mu kuma ya bar mana abin da ya bari.

Ni Asabe hannuna ya fi sabawa da wuƙar gyaran kifi a kan alƙalami. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne abin da na gani kwanan baya a unguwarmu. An ɗauko wani yaro za a kai shi yaye wajen kakarsa, ga ƙullin kayansa, ga 'yan rakiya suna ta raha, ita kuwa kakar tana bakin ƙofa tana tari tana tofar da kaki a gindin katanga. Na yi magana, aka ce Asabe ta fara. To, na fara ɗin. Tun da ba a jin bakina, bari in sa shi a takarda da ɗan karatun da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, ko wani ya karanta wa wani.

Abin ya faru zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin su tattara nasu su tafi. Gidanmu yana Haɗejiya ta gefen da ke kallon kogi. Mu huɗu ne manya a ciki. Akwai Inna, mahaifiyarmu. Akwai ni, da na dawo gida bayan rasuwar mijina ina sana'ar bandar kifi. Akwai ƙanena Bukar, masunci, wanda in ka raba shi da goransa na shiga ruwa da komarsa ta kamun kifi ba ka bar masa komai ba. Sai matarsa Hajjo, Bafulatana ce daga wajen Birniwa, doguwa, mai ƙarancin magana. 'Yarsu ta fari an sa mata sunan Inna, saboda haka babu mai faɗar sunan a gidan, Uwani muke ce mata.

Mu ne ke ce mata Uwani. Hajjo ba ta ce mata komai. Kunyar ɗan fari kowa yana yi a garinmu, amma ta Hajjo ta wuce ta kowa. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta kallonta a gaban mutane, nono ma sai ta shige ƙuryar ɗaki ta juya baya. In baƙuwa ta tambaye ta 'yar wa ce wannan, sai ta ce ta mutanen gidan nan ce. In dole ta kama sai ta ambace ta, sai ta ce waccan. Mu kuwa yabonta muke yi, muna cewa Bukar ya samo mace mai tarbiyya.

Da aka yaye Uwani sai aka miƙa wa Inna ita. Irin wannan miƙawar ba aro ba ce. An ba ta ke nan, ita za ta riƙe ta har ta aurar. Yarinya ta koma ɗakin Inna da kwana da ci da komai, ta girma a can har ta kai shekarun da ake aikenta maƙwabta karɓo wuta. Inna tana kaɗi tana mata hira, da asuba ta yi mata tofi a ka, in ta sami tsokar kifi mai kyau ta cire ƙaya ta sa mata a baki. Ba a taɓa ganin ɗaya ba tare da ɗaya ba.

Dole in faɗi yadda ɗakin yake, domin a cikinsa aka yi komai. Ɗan soro ne mai taga ɗaya da ba ta fi tafin hannu ba, ita ma an toshe ta da tsumma tun Baba yana da rai. Duk wanda ya zauna kusa da fadama ya san dalili. Da damina sauro ba ya barin mutum, sai an saki asabari an turara hayaƙi. Da ɗari kuwa sanyin kogi yana ratsa ƙashi, sai a hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa a rufe ƙofa ruf. Kowane lokaci da dalilinsa na rufewa, kuma duk dalilan gaskiya ne.

Tarin Inna ya fara da kaka, bayan ruwa ya ja da baya an shiga yankan shinkafa. Muka ce sanyi ne. Na dafa mata citta da kanumfari da masoro, aka kawo zuma daga Kafin Hausa, ta sha man shanu da ɗumi. Tari ya ƙi. Da yamma jikinta ya yi zafi, da safe a tarar da zanenta sharkaf da gumi ko a tsakiyar ɗari. Abinci ya fita ranta. Matar da a da zane ba ya zagaye ta sosai, sai ga shi tana ninka shi.

Masu ba da shawara ba su yi mana rowa ba. Wata ta ce hakin wuya ne ya yi tsawo yana taɓa maƙogwaro, aka kira wanzami ya yanke, Inna ta yi kwanaki ba ta iya haɗiyar ko kunu. Wani ya ce a yi ƙaho a baya, aka yi. Kawunmu ya zo ya zauna ya girgiza kai ya ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, hannu ne, har ya soma lissafa mutanen da Inna ta taɓa saɓawa da su. Na ce masa in haka ne rabin kasuwa zai lissafa, don Inna ba ta raga wa mai ƙwange a mudu. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka ƙara toshe ɗakin don kada hayaƙin ya fita. A duk wannan Uwani tana ciki, ita ce ma mai miƙa wa Inna kaskon tokar da take tofa kaki.

Ranar da na je zubar da kaskon na ga tokar ta yi ja da jini. Ban tsaya shawara da kowa ba. Washegari na sa Bukar ya nemo jaki, muka ɗora Inna sai asibiti.

Layi muka tarar tun daga bakin baranda har gindin bishiyar maina. Mutanen ƙauyuka sun zo da ƙafa, wasu an ɗauko su a amalanke, ga masu gyambo, ga masu ciwon ido. Sai da rana ta take muka shiga. Malamin asibitin ya sa wani abu a kunne ya saurari ƙirjinta gaba da baya, ya ƙwanƙwasa haƙarƙarinta da yatsu, sannan ya ba ni ɗan gwangwani mai murfi. Ya ce ta yi kaki a ciki da sassafe kafin ta sa komai a baki, wanda ya fito daga can ƙasa, ba yawu ba. Raina ya ɓaci. Wuni guda a rana, a sallame mu da gwangwani ba ko ƙwayar magani.

Da na mayar da gwangwanin na dace da likita Bature yana nan. Yana jin Hausa, sai dai ta hanci take fitowa. Ya sa aka shafa kakin a kan ɗan gilashi, aka zuba masa wani ruwa ja, aka gasa, aka wanke, aka sa a ƙarƙashin wani madubi mai dogon wuya da ake leƙawa da ido ɗaya. Ya duba, ya kira ni ya ce in leƙa. Da farko ban ga komai ba sai shuɗi. Can sai na ga wasu 'yan jajayen abubuwa sirara, kamar guntayen zare da aka yayyanka, wasu a warwatse, wasu a cure. Ya ce su ne ke cin huhun Inna. Ya ce masu rai ne, suna hayayyafa a hankali, ba sa gaggawa, shi ya sa ciwon yake daɗewa kafin a gane shi, kuma yake daɗewa kafin a kashe shi. Mu tarin fuka muke cewa, shi ya ce tibi.

Na tambaye shi ko in ware mata ludayi da kwano. Amsar da ya ba ni har yau tana kunnena.

"Ki ware, babu laifi. Amma ba a ludayi yake tafiya ba. A iska yake tafiya. In ta yi tari sai su tashi su tsaya a cikin ɗaki, wanda ke ciki ya shaƙa. Rana tana kashe su, iska tana kwashe su. Wa yake kwana da ita?"

Na ce jikarta. Ya tambayi shekarunta, na nuna tsawonta da hannu. Ya ajiye alƙalaminsa.

"Ki fitar da ita yau. Ba gobe ba."

Ya rubuta wa Inna allura ta kullum, da wata hoda mai ɗaci da ake kaɗawa a ruwa, da 'yan ƙananan ƙwayoyi farare. Ya ce ba maganin mako ba ne ko na wata, sai an haura shekara ana sha, kuma za ta ji sauƙi tun kafin ta warke, kada wannan ya ruɗe mu.

Na dawo gida ina ganin abu mai sauƙi ne, ɗauke yarinya daga wannan ɗaki a mayar da ita wancan, tsakar gida ɗaya kawai za a tsallaka. Na fara da Bukar. Na same shi yana ɗinkin koma, na zayyana masa komai. Ya ce, "Yaya, da wane bakin zan ce wa Inna ta ba ni 'yata? Ni na ba ta." Na ce da bakin da yake cin tuwo. Ya ci gaba da ɗinki.

Na shiga wajen Inna da kaina, na lallaɓa na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi faɗa da ya fi mini. Hawaye kawai ta soma. Ta ce ashe ta zama abin gudu tun tana numfashi. Ta ce ta riƙe 'ya'yan mutane da yawa ba a taɓa zuwa an karɓe ɗaya ba, sai yau da ciwo ya kayar da ita za a nuna wa gari cewa ba a yarda da riƙonta ba. Na zare tsumman taga, ina fita ta sa Uwani ta mayar. Na ɗauke yarinyar da ƙarfi na kai ta ɗakina, ta yi ta kuka har muryarta ta dushe, ina juya baya ta sulale ta koma. 'Yan dubiya suka samu abin faɗa. Suna cike da ɗakin, gwiwa da gwiwa, suna cewa Bature bai san zumunci ba, a garinsu ma an ce tsofaffi a wani gida daban ake tara su. Wata ta ce ni da ban haifa ba ina zan san zafin raba kaka da jika. Wannan ta shige ni, amma na haɗiye.

Saura mutum ɗaya da take da ikon da ya fi nawa. Na je na sami Hajjo tana tankaɗe. Na ce mata ita ce uwa, in ta shiga ta ɗauki 'yarta babu wanda zai riƙe hannunta, surutu ne za a yi a gama. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Yaya, ni ba ni da 'ya a ɗakin nan."

Haka ta ce. Amma garin da take tankaɗewa a ƙasa yake zuba, ba a faifai ba. Na fita ina jin haushinta, ina jin tausayinta, na rasa wanda ya fi yawa.

Abin da na iya shi ne rabi da rabi. Da rana in fitar da Inna inuwar zaure ta sha iska, in shanya shimfiɗarta a rana, in ƙona abin da ta tofa. Kwana kuwa yana nan yadda yake. Kullum da safe ina bin jaki zuwa asibiti a yi mata allura. Bandar kifi ta tsaya, masu sayen kifina suka koma wajen wasu, awakina suka soma fita gidan ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci mu je a ce magani ya yanke, motar da za ta kawo ba ta iso ba, mu dawo haka. Duk da haka Allah ya sa wa malamin asibitin nan albarka, ko ya ga layi ya kai ina, in ya hango Inna sai ya sa a shigo da ita.

Maganin yana aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Kafin ɗari ya fita zazzaɓi ya sauka, jini ya tsaya, Inna ta nemi tuwo da miyar kuka da kanta. Ta koma kaɗi. Daga nan ta ce ta warke. Ta ce mazaunanta sun zama rariya, hodar nan kuma tana juya mata ciki, ba za ta ƙara ba. Na tuna mata maganar likita, ta ce likita ba ya cikin jikinta. 'Yan dubiya suka dawo yin barka, kowa yana cewa maganinsa ne ya ci. Kawu ya ce dama ya faɗa. Aka dube ni aka ce ga yarinya nan garau, ina abin da na tayar wa mutane da hankali a kai.

Da bazara tarin ya dawo, ya dawo da ƙarfin da bai zo da shi da farko ba. Muka koma asibiti. Likita ya sake duba kakin, ya ce ƙwayoyin cutar da suka tsira daga maganin farko su ne masu taurin kai, yanzu sun san shi, ba lalle ya ci su kamar da ba. Aka koma allura, ba ta yi abin da ta yi a baya ba. Inna ta kwanta. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke ɗura mata kunu da ƙaramin ludayi rabi ya shiga rabi ya dawo. Ƙasusuwan bayanta suka fito har tabarma tana ji mata ciwo, sai da na yi mata shimfiɗa da auduga.

A cikin wannan hali, wata rana ina gindin katanga ina wankin zannuwan Inna, sai na ji mutum tsaye a kaina. Hajjo ce. Ta daɗe a tsaye kamar mai neman aron wani abu. Can ta ce, tana kallon katanga, "Yaya, waccan ta ɗakin Inna. A duba wuyanta."

Na kira Uwani na shafa. Ga kumburi nan ƙululu-ƙululu a ƙarƙashin fata kamar 'ya'yan magarya. Ni da nake mata wanka ban lura ba. Uwar da ba ta kallonta ita ta gani, daga can nesa, ta wutsiyar ido. Sai a lokacin na lura da sauran. Yarinyar ta daina fita wasa, wuyan hannunta ya sirance, da yamma jikinta da ɗumi.

Ba a daɗe ba ta soma ɗan tari, busasshe, ba mai ƙarfi ba. Ina ɗakin ranar da ta yi shi a gaban Inna. Inna ta buɗe ido ta saurara. Yarinyar ta sake yi. Inna ta juyo da kai wajena da ƙyar.

"Asabe, wannan tarin nawa ne."

Na janyo yarinyar jikina, Inna ta ci gaba.

"Fitar da ita. Kada ki bari ta ƙara shigowa ko na kira ta."

Da bakinta ta faɗa, abin da na yi wata da watanni ina roƙo. Ta sa aka ɗage asabari, aka zare tsumman taga, aka juya mata shimfiɗa ta fuskanci ƙofa don ta riƙa hango yarinyar a tsakar gida. Uwani takan zo ta tsaya daidai inda na ja mata layi da ƙafa a ƙasa, su yi ta kallon juna. Haka suka yi har Allah ya karɓi Inna a farkon damina, da hantsi, ƙofa a buɗe. Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa nufin yarinyar nan da komai ba sai alheri.

Ba mu gama karɓar gaisuwa ba Uwani ta soma kuka da kai. Ta yi ta amai, ta ƙi haske, ta riƙa barci ba lokacin barci ba. Mutane suka ce kewar kakarta ce, wasu suka ce Inna ce ke kiranta. Da wuyanta ya soma ƙagewa na saɓe ta sai asibiti, ban ko tsaya layi ba, masu zagi suka zaga. Malamin ya duba ya ce wannan ba sanƙarau ɗin da muka sani na lokacin zafi ba ne. Ƙwayoyin cutar nan ne dai na Inna, a jikin yara ba sa tsayawa a ƙirji, sukan bi jini su hau kai. Ya ce abin ya fi ƙarfin nan, in kai ta babban asibiti a Kano, kuma kada in jira a ɗauke ruwa.

Bukar ya sayar da komarsa, a tsakiyar lokacin da masunci ke samu. Da safen da za mu tafi na tarar da ƙulli a kan kayana. Mundayen azurfar Hajjo ne, waɗanda ta zo da su daga gidansu. Na je in yi mata magana, ta ce guzurina ne, kada in ji yunwa a hanya. Ba ta fito rakiya ba. Muna fita ina jin ta tana daka a bayan ɗakinta, na leƙa ta kan dangar, turmin babu komai a ciki.

Ruwa ya cinye hanya. Wani wurin a kwale-kwale, wani wurin Bukar ya ɗora yarinyar a kafaɗa mu ratsa ruwa har ƙugu, har muka sami motar da ta kai mu Malam Madori. A nan ya sa mu a jirgin ƙasa ya juya, don ba a barin gida da gona babu namiji. Ban taɓa shiga jirgi ba sai ranar, kuma ban ga komai a hanya ba, fuskar Uwani kawai nake kallo ina taɓa hancinta.

A Kano na ga abin da ya fi ƙarfin bakina. Aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka ɗauki nawa ni ma. Nawa suka ce akwai ɗan tabo, alamar ƙwayoyin cutar sun shiga, jikina ya danne su, in riƙa zuwa ana dubawa. Ita kuwa aka lanƙwasa ta aka soka allura a gadon bayanta aka ɗebi ruwa. Ina riƙe da ƙafafunta, ko motsi ba ta yi ba, wannan ya fi kuka tayar mini da hankali. Likitan can ya sa aka yi mini tafinta. Ya ce akwai allurar da za ta iya ceton ta, irin ta Inna ce, amma za a daɗe ana yi. Ya ce wani lokaci allurar tana taɓa ji, ciwon kansa ma yana taɓawa. In ba a yi ba kuwa, ba ya zaton za ta ga ƙarshen damina. Ya tambaya ko na yarda. Na waiga, babu uba, babu uwa, babu wanda zan tambaya. Na ce a yi.

Mu masu jinya a baranda muke kwana, mu yi girki a kan duwatsu a bayan katanga. An daka mini tsawa a kan abin da ban sani ba, an kore ni daga ɗaki lokacin zagayen likita kamar akuya, mai gadi ya hana ni shiga da kunu don ban zo a kan lokaci ba. A wurin nan kuma wata nas 'yar Kudu, da Hausarta ba ta fi a ƙirga ba, take zuwa ta tsefe wa Uwani kai ta shafa mata mai. Wata mata daga ƙasar Katsina ta haɗa tukunya da ni har ranar da aka naɗe ɗanta a tabarma. Gadajen da ke kusa da namu an sake musu masu kwanciya ban san sau nawa ba. Cinyoyin Uwani suka yi tauri saboda allura, har nas tana neman inda za ta soka. Mundayen Hajjo suka tafi ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya ta buɗe ido ta dube ni sosai ta ce, "Gwaggo, kifi." Na fita bayan katanga na yi kuka har na gode Allah, sannan na shiga kasuwa neman tarwaɗa.

Ta soma zama, ta soma tsayawa tana tangaɗi kamar ɗan akuya sabon haihuwa. Sai na lura in na yi mata magana ta baya ba ta amsawa. Na ɗauka shagwaɓa ce ta mai ciwo, har na yi mata faɗa. Rannan wani faranti na ƙarfe ya suɓuce wa nas ya faɗi a siminti, duk ɗakin aka zabura, jarirai suka fashe da kuka. Uwani tana zaune tana wasa da bakin zanena, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Likita ya gwada ta, ya ce jin ya tafi, kuma ba ya dawowa. Na tambaye shi allurar ce ko ciwon. Ya ce ba zai iya rabewa ba. Ya ce da an zo da ita tun abin yana wuya bai hau kai ba, da ƙwayoyin sha sun isa.

Ban zagi allurar nan ba, kuma ba zan zage ta ba. Ba don ita ba da a Kano zan baro yarinyar a ƙasa. Abin da nake cewa shi ne, duk tarin da ya wuce makonni yana ramar da mutum, a kai kaki a duba. Wanda aka ba magani ya shanye shi har ranar da aka ce ya isa, ba ranar da ya ji daɗin jikinsa ba. A buɗe taga ko sauro zai ci mutum. Yaro kuwa a raba shi da ɗakin mai tari, ko kakarsa ce, ko za ta yi fushi, ko gari zai yi magana. Fushi yana hucewa.

Sai da aka yi girbi aka gama muka dawo, da ƙullin ƙwayoyin da za ta ci gaba da sha. Na aika a gaya musu ranar zuwanmu da cewa yarinya ta tashi. Sauran ban aika ba, na ce ba maganar da za a ba ɗan saƙo ba ce, in na isa na faɗa da bakina.

Muka tarar da gida cike. Kawu yana zaure da maza, mata sun cika tsakar gida, har da waɗanda suka ce na cika tayar da hankali. Aka taso ana barka, aka kewaye ni, wannan ta karɓi kaya wannan ta kawo ruwa, ban samu na buɗe baki ba. Uwani ta zame hannunta daga nawa. Ta ratsa mutane tana ɗan tangaɗinta, ta nufi ɗakin Inna, ta tsaya daidai inda na taɓa ja mata layi, tana kallon ƙofar. Ta ba mu baya.

Hajjo tana bakin madafa da ludayi a hannu. Na ga ta ajiye shi. A gaban dangin mijinta, a gaban maƙwabta, mayafinta ma ya zame ba ta gyara ba, ta buɗe baki.

"Uwani."

Babu wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Yarinyar ba ta juyo ba.

"Uwani," ta sake cewa, da ƙarfi.

Sai ta dube ni. Na ɗaga hannu na taɓa kunnena, na girgiza kai. Hajjo ta taka ta zagaya ta gaban yarinyar, ta durƙusa, ta kama fuskarta da hannu biyu tana kallonta ido cikin ido, yadda ba ta taɓa yi ba tun ranar da ta haife ta. Babu wadda ta ce mata ba ta da kunya.

Uwani ta shanye maganinta har ƙarshe, uwarta ce ke ba ta da hannunta. Ta girma, ta iya bandar kifi fiye da ni. Maganarta ta yi ta raguwa har ta koma 'yan kalmomi da nuni. Hajjo kuwa tun daga ranar ba ta ƙara cewa waccan ba. Da safe in za a karya, da yamma in an sauke tuwo, sai ta tsaya a bakin madafa ta kira ta da suna, da ƙarfi, sannan ta je ta taɓa kafaɗarta. Duk unguwa ana jin kiran, ban da mai sunan.